Ɗan Gwaggo, Sauko Ƙasa Mu Gaisa

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa, Bazazzage ɗan mace, wanda na ji yaran unguwa sun naɗa shi Sarkin Taurari ba tare da an nemi izinina ba. Ba zan ce maka ina kwana ba, tunda ba ka kwana. Ina wuni ma ba ta kama ka ba, don an ce wunin naka barci ne. Sannu da tsayuwa kawai.

Labari ya iso Kano cewa madubin hangen nesan nan da ka yi ta fama da shi ya kammala, har ka fara ɗaukar hoton sama kana cika mana waya. Ni ban yi mamaki ba. Ku Zage-zagi tun da aka ajiye muku jami'a a Samaru a 1962, bayan shekara biyu aka ƙara muku da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, kowannenku gani yake sama gonar kakansa ce. Mu Kanawa in ka ga mun ɗaga kai, hadari muke dubawa don mu shigar da kaya shago. Amma kai ɗan Gwaggo ne, jininmu na yawo a jikinka ko da rabi ne, don haka ba zan zuba ido notin kanka ya ƙarasa kwancewa ban ce uffan ba.

Mu faro daga duro. Ka samo faifan gilashi biyu masu kauri, kowanne faɗinsa inci 6. Ka kafa duro a tsakar gida, ka cika shi da ruwa don kada ya motsa, ka ɗora faifai ɗaya a kai, ka barbaɗa baƙin garin nan mai kaushi irin wanda ake yin dutsen wasa wuƙa da shi, ka yayyafa ruwa, ka kifa ɗayan. Sai gurza. Tura, jawo, tura, jawo, ka ɗan murza na hannunka, ka matsa taku ɗaya gefe, ka sake. Haka za a yi ta zagaya duro har na saman ya lotsa a tsakiya, na ƙasan ya yi tozo. Ƙarar kuwa ƙurrr-ƙurrr har bayan katanga. Maƙwabta sai da suka yi shawara ko a nemo mai ruƙiyya, don ba su taɓa ganin magidanci da iliminsa da iyalinsa yana zagaya duro da tsakar dare yana ƙirge da baki ba. Da na tambaye ka zurfin ramin da kake haƙawa, ka buɗe baki ka ce milimita ɗaya da 'yar ɗoriya. Milimita ɗaya, wata da watanni! Na ba mai haƙar rijiyar unguwarmu labari, sai da ya ajiye diga ya zauna don dariya.

To bari in yi maka adalci, kada ka saba. Wahalar ramin ba a zurfinsa take ba, a siffarsa take. Dole fuskar gilashin ta lanƙwasa ta yadda duk hasken da ya faɗo mata zai taru a ɗigo ɗaya, inci 48 a gabanta, kuma kuskuren da aka yafe bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Shi ya sa ake sauka daga gari mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 80, 120, 220, har a kai ga mai laushin hoda, kuma tsakanin mataki da mataki sai an wanke komai tas, duro, hannu, har ƙarƙashin farce. Ƙwaya ɗaya ta mai kaushi ta ɓuya ta shiga, ta ja zane, an koma baya. Kai kuma da ka tashi wannan aiki sai ka zaɓi tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙurar hamada tana rabawa gida-gida kyauta. Maganin da ka ga ya dace shi ne ka kafa doka: ba shara a gidan sai ka tashi daga aiki. Ka ji bawa! Duk watan cika-ciki kana miƙo mini hannu wai kuɗin shara, ashe a gidanka ma soke sharar ka yi. Na shigar da wannan a littafin bashi.

Daga niƙa sai goge, shi kuma da kwalta ake yi: a narka ta, a zuba a kan faifan ƙasa, a tsattsaga mata layuka, a shafa jar hoda, a ci gaba da tura-jawo har gilashi ya yi garau. Ba zan faɗi tukunyar da ka narka kwaltar a ciki ba, don har yau Uwargida zato take maƙwabta ne suka ara ba su dawo da ita ba. Sai dai ka sani shirun nawa yana da farashi.

Gwajin madubin ne ya ɗan sa na ji kunyar zaginka. Wani Bafaranshe, Léon Foucault, ya fito da shi a 1858, kuma ba ya cin komai sai 'yar fitila mai ƙaramar huda da reza. A jingine madubi a ƙarshen ɗaki mai duhu, a ja baya kusan mita biyu da rabi, a sa ido a bayan reza, a ɗan tura bakinta cikin hasken da ya dawo. Nan take inuwa za ta tona asirin duk wani tudu da kwarin da ido ba ya gani. Ka ɗora babban yatsanka a kan gilashin na ɗan lokaci, ka ɗauke, ka ce in leƙa. Sai ga tudu ya kumburo a wurin, ɗumin yatsa kawai ya jawo shi. Wannan kam ya burge ni. Abin da bai burge ni ba shi ne yadda ka hana ni numfashi da ƙarfi, ka hana ni taka ƙasa, a ɗakin da ko ruwan sha ba a kawo wa ubangida ba.

Kuma duk wanda ya ce maka bakin madubin naka ya ɗan zube, amsarka a aljihu take: ai na Hubble, madubin nan da ke sararin samaniya, ma haka ya fito. Gaskiya ne. An harba shi a Afrilun 1990 da madubi mai faɗin mita 2.4 wanda bakinsa ya baje fiye da ƙima da kusan kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashi, hotuna suka riƙa zuwa dishi-dishi, sai a Disamban 1993 'yan sama jannati suka hau suka sa masa gilasan gyara. To su Amurkawa suna da kumbon aikawa. Kai wa za ka aika, ɗan acaɓa?

Na ji kuma ka zaunar da Uwargida ka karanta mata tarihin William Herschel, makaɗin nan ɗan Jamus da ya zauna a garin Bath na Ingila, wanda ya gano duniyar Yuranus daga bayan gidansa ran 13 ga Maris 1781, da madubin da ya ƙera da hannunsa mai faɗi kusan daidai da naka. An ce ka ja murya musamman a wurin da ya yi awa 16 bai ɗaga hannu daga gugar madubi ba, ƙanwarsa Caroline ce ta riƙa sa masa abinci a baki. Mun gane inda ka dosa. Sai dai ka tsallake sauran. Sarki George na Uku ya yanka wa Herschel fam 200 a shekara, ita Caroline daga baya aka yanka mata fam 50, ta kuma gano taurari masu wutsiya har takwas da kanta. Ka fara dire fam hamsin ɗin tukuna, sai a yi zancen ɗura maka tuwo. Ka kuma ɓoye mata cewa da kashin doki mutumin yake haɗa mazubin da yake zuba narkakken ƙarfen madubinsa, don ka san in ta ji, za ta haɗa kayanta kafin ka fara sintiri bargar dawaki da buhu.

Shafen madubin ma sai da ka yi na Bazazzage. Masu hali aikawa suke a shafa masa alminiyam a cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta. Kai ka ce a'a, tsohuwar hanya za ka bi, ruwan azurfa da sukari. Ya yi, ban musa ba, madubi ya fito yana walƙiya. Yatsunka ma sun fito baƙi ƙirin kwana da kwanaki, har Gwaggo ta kama hannunka tana tambaya ko lalle ka fara da furfura. Nan kam ba wasa nake ba: ragowar ruwan nan ba a ajiye shi, in ya daɗe yana iya fashewa, ka riƙa tsarma shi da ruwa mai yawa kana kawar da shi nan take. Ina son bawana da yatsunsa goma. Ka kuma shirya sake shafawa, don azurfa dushewa take yi in ta sha iska.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bututun roban masu aikin famfo da ka shafe cikinsa da baƙin fenti, ka ɗora shi a kan wani akwatin katako mai juyawa dama da hagu, sama da ƙasa. Ka ce ƙirar John Dobson ce, har ka liƙa hotonsa a jikin bututu, inda mutanen kirki ke liƙa hoton 'ya'yansu. To na binciki wannan ubangidan naka na biyu. An haife shi a Beijin a 1915, ya karanta ilimin sinadarai a Amurka, a 1944 ya shiga gidan zuhudu na wata ƙungiyar addinin Hindu a San Faransisko. A zaman gidan ne ya fara niƙa madubai a ɓoye, da gilashin tagar jirgin ruwa da aka yar, yana zura su cikin bututun kwali. In dare ya yi sai ya sulale da su waje yana tare mutane su zo su ga wata. Yawan ficen nan ya sa aka sallame shi a 1967. Bai yi zuciya ba, ya haɗa kai da wasu ɗalibansa biyu suka kafa ƙungiyar masu kallon sama a bakin titi, ya ci gaba da tsayawa a kwanar hanya yana kiran masu wucewa. Ya mutu a 2014 yana da shekara 98, bai taɓa yi wa ƙirar tasa rajistar mallaka ba, kowa ya kwafa, har da Bazazzage.

Ka lura da abu ɗaya, Sarkin Taurari: mutumin nan don ido ya yi abinsa. Gindin Dobson ba ya bin sama. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, wato cikin minti biyu duk abin da ka saita ya gusa da faɗin wata guda. Mai kallo da ido ba ruwansa, in abu ya kusa fita sai ya ɗan tunkuɗa bututu da yatsa. Ita kyamara so take a bar ta buɗe tana tara haske, abu ya motsa kuwa ɗigo ya zama zane. Ko ka sa wa akwatin inji yana bin tauraro dama-hagu da sama-ƙasa, hoton kansa juyawa zai riƙa yi a hankali, sai ka ɗora komai a kan wani dandamali mai karkata daidai da juyin duniya. Wato ka ɗauki kayan da aka ƙera don kallo, ka tilasta masa aikin da mai shi bai nufa ba, sannan ka zauna kana zagin waya. Wannan taurin kai daga wajen babanka ka gado shi, ba daga gidanmu ba.

Hoton farko da ka turo ina nan da shi, zai yi amfani ranar auren 'yarka. Ka manna waya a bakin gilashin leƙe da wani maƙali da ka yanko daga tsohon silifas, ka ɗaure da robar tayar keke. Ka rubuta a ƙasa: wata, daren sha huɗu. Na nuna wa yaran shago, babu wanda bai ce gurasa ce ba, har ɗaya yana tambaya ina ƙuli-ƙulin. A kife kuma take, don madubi irin naka, wanda Newton ya fara ƙera irinsa a 1668, kai yake mayarwa ƙasa. Ina fata zuwa yanzu ka gane daren sha huɗu ne mafi munin daren ɗaukar wata. Rana tana haska shi gaba da gaba, babu inuwa, tsaunuka da ramuka duk sun baje. Daren bakwai ko takwas ake nema, a bi layin da ya raba haske da duhu, inda kowane dutse ke miƙe inuwarsa.

Daga baya ka waye ka koma bidiyo, kuma dabarar na yaba mata, tunda ba kai ka ƙirƙiro ta ba. Iskar da ke tsakaninmu da sama ba ta zama wuri ɗaya, mai ɗumi da mai sanyi suna ta cuɗanya, shi ya sa tauraro ke ƙyafta ido, shi ya sa kuma duniyar Mushtari ke rawa a cikin madubi. Amma cikin dubban hotunan da ke ƙunshe a bidiyo akan dace da 'yan kaɗan da aka ɗauka daidai lokacin da iska ta lafa. Sai a ba manhaja irin su AutoStakkert ko RegiStax ta tsince masu kyau, ta jera su ɗaya a kan ɗaya, ta fitar da guda. In aka tara hoto 100, yashi-yashin da ke ɓata hoto yakan ragu sau goma. Ba a kuma wuce minti biyu zuwa uku a kan Mushtari, don duk girmansa ko awa goma ba ya cikawa yake gama juyi, in aka daɗe sai zanen jikinsa ya cakuɗe. Kai da akwatinka ba ya bi, sai ka bar shi ya ratsa allon waya, ka tunkuɗa, ya sake ratsawa, ka tunkuɗa, kana tsaki. Abin da ya fito: ɗan ƙwallo mai ɗamara biyu da ɗigo huɗu a jere a gefensa. Su ne watanni huɗun da Galileo ya gani a Janairun 1610 da madubin da bai kama ƙafar naka ba, kuma shi da alƙalami ya zana abinsa ya je ya kwanta.

Wanda ya fi kashe ni shi ne na rufe murfi. Daren da na kwana gidanka, can wajen asuba na ga ka toshe kyamara ruf da murfinta, ka ci gaba da ɗauka, ƙyat, ƙyat, ƙyat. Na ce ɗan Gwaggo, murfin fa yana kai. Ka ce ka sani, hoton duhu kake ɗauka. Jama'a ku taya ni ji, hoton duhu! Ka yi mini bayani cewa ita kyamara in ta ɗumama takan ƙirƙiro nata ɗige-ɗigen ko babu haske, don haka ake ɗaukar su su kaɗai a ɗebe su daga hoton gaske. Bayanin daidai ne. Duk da haka, kaf danginmu kai ne mutum na farko da ya hana idonsa barci don ya ɗauki hoton babu, ya kuma adana shi a kwamfuta da suna da kwanan wata.

Zuhal kuwa ya yi maka daidai da kai. Tun kana zagaya duro kake yi wa yara alkawarin za su ga duniya mai zobe. Sai ka gama a 2025, shekarar da zoben ya juyo mana bakinsa, abin da ke faruwa kusan duk bayan shekara 15. A Maris ya daidaita da mu sarai, sauran shekarar sai siririn layi. Yara suka leƙa suka ce Baba, ina zoben? Ka hau lacca. Kwantar da hankalinka, yana buɗewa a hankali, wajen 2032 zai kai iyakarsa, in Uwargida ba ta mayar da bututun magudanar ruwa ba kafin nan.

Sai ɗan abin nan da ka ƙera don ɗaukar sama da faɗi: katako biyu haɗe da hinjis ɗin ƙofa, da dogon noti da ake murzawa zagaye ɗaya a minti, katakon sama yana ɗagawa a hankali da kyamara a kansa daidai da tafiyar taurari. Wani ɗan Sikotilan, George Haig, ya bayyana shi a 1975. Inji babu, sai ka naɗa autanka inji. Yaro ya tsuguna da agogo yana bin hannun daƙiƙa, in ya yi atishawa an yi asarar hoto. Sharaɗin abin shi ne hinjis ya nufi tauraron arewa, wanda kusan ba ya gusawa. Tsayin tauraron a sama kuwa daidai yake da nisan gari daga layin da ya raba duniya biyu. A Zariya digiri 11 ne kacal, shi ya sa yake maƙale a bayan tankin ruwan maƙwabcinka. A Kano digiri 12. Ka gani ko? Tauraro ma ya san inda ya kamata ya fi ɗaga kai.

Wurin zaman naku bai rasa alheri ba, ba zan ci haƙƙinka ba. Duniyoyi suna bi ta kusan tsakar ka, inda iskar da haske zai ratsa ta fi ƙaranci, kuma kana ganin taurarin kudu irin su Alfa Sentauri da mutumin Landan ba zai taɓa hangowa daga gidansa ba. Lokaci ne ba ya ƙaunarka. Gajimaren Oriyon, na kusa da taurari ukun nan masu jere da ke biyo bayan Kaza da 'Ya'yanta, yana hawa tsakar sama a dararen hunturu, daidai lokacin hazo. Inda farar hanyar taurarin nan ta fi kauri kuma sai Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da hadari ya rufe ko'ina. Abin da ya rage maka sai ɗan tsakanin nan na kaka, da daren da ruwa ya wanke sama ya wuce. Manoma suna roƙon ruwa, kai kana haɗe rai.

Kaf unguwar kuma kai kaɗai ne ke murna in an ɗauke wuta. Ka ce ido sai ya yi minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai, farin haske na ƙyaftawar ido ya rushe komai, don haka ka shafe gilashin tocila da jan farcen Uwargida. Murnar ba ta daɗewa, maƙwabci ya tayar da janareta ya kunna ƙwan kan katanga. Sai ka kinkimi bututu a kafaɗa ka nufi wajen dutsen Kufena da tsakar dare, a wannan zamanin. 'Yan sintiri ba su yi laifi ba da suka ce ka ajiye abin nan a hankali ka ɗaga hannu. An ce ba ka kuɓuta ba sai da ka saita musu wata suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, har babbansu ya koma bayan layi ya sake.

Na san abin da ke ranka, don ka ishe mu da sunansa: Anthony Wesley. Mai rubuta manhajar kwamfuta ne a Ostireliya, a wani ƙaramin gari kusa da Kanbera. Ran 19 ga Yuli 2009 yana ɗaukar Mushtari a bayan gidansa da madubin da ya haɗa da kansa, sai ya ga baƙin tabo kusa da gindin kudu na duniyar. Ashe wani abu ne ya faɗa mata ya bar tabo mai faɗin da ya kusa na Tekun Pasifik, kuma shi ya riga manyan cibiyoyi gani, har aka juya Hubble ya duba bayan 'yan kwanaki. Na ba ka wannan. Manyan madubai ba su da lokacin gadin Mushtari kowane dare, sai 'yan sa-kai irinku. Na kuma san kyamara tana fito da jan launin gajimaren Oriyon wanda ido ke gani toka-toka. Amma shi Wesley madubinsa inci 14 da rabi ne, a kan gindi mai bin sama, da kyamarar da ta dace da aikin. Kai silifas. In jira kake wani abu ya faɗo ka yi suna, ka koma Zagami ta ƙasar Faskari, inda a Oktoban 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da mai ita, daga baya masana suka tabbatar ɓallin jar duniyar nan ta Mirrihi ne. Manomin nan bai niƙa gilashin kowa ba, har gona aka kawo masa.

Ga nawa ra'ayin, ka ɗauka ko ka bari. Hotunanka, ko shekara goma ka yi kana tara su, yaro zai samo waɗanda suka fi su a intanet kafin shayinsa ya huce. Abin da ya faru da Gwaggo ne ba a samu a can. Tsohuwa ta yi ta ƙi, wai ba ruwanta da leƙen abin da ba a aike ta ba, har jikoki suka jawo ta. Ta dafa bututu, ka ce kada ta taɓa, ta harare ka, ta rufe ido ɗaya da gefen mayafi, ta sunkuya. Madubin nan yana tara haske fiye da idonta sau 400. Ga bakin ramuka fari tas, cikinsu baƙi, ga wani da ɗan tsauni a tsakiyarsa. Ta yi salati, ta ɗago ta dubi watan da idonta, ta sake sunkuyawa, can ta ce yana gudu, a tare mata shi. Kai kana ina a lokacin? Kana tsugune ka ba sama baya, hancinka a allon kwamfuta, kana cewa a yi sauri a ba ka wuri kafin wata ya faɗa bayan darbejiya. Uwarka fa! Da Dobson yana da rai, da bututun zai maka.

Abu biyu kafin in manta. Da rana ka rufe bakin bututun ka kulle shi a ɗaki, don yaro ya nufi rana da shi, leƙe ɗaya ya isa ya ƙone ido har abada. Sannan ka daina amsa wa masu tare ka a hanya suna tambayar yaushe Salla. Wannan aikin kwamitin ganin wata ne na Sarkin Musulmi. Kai iyakarka ka leƙa, in ka gani ka kai rahoto inda ake kaiwa. Mutumin da ya kasa nemo wa 'ya'yansa zoben Zuhal ba zai sa mu ajiye azumi ba.

To ga hukunci. Ranar bakwai ga watan gobe ka naɗe bututun cikin tabarma yadda ba zai tsorata kowa a hanya ba, ka shigo motar Kano. Za mu kafa shi a ƙofar shagona bayan Isha'i. Waya da kwamfuta duk ka bar su Zariya. Kai ne mai tunkuɗa bututu da yin bayani, amma bayanin kada ya wuce jimla biyu, na san halinku. Za ka ce Dobson kyauta yake nunawa. Dobson bai taɓa biyan hayar shago a Kano ba. Yara da tsofaffi su leƙa kyauta, na yarda, don kada ka kai ƙarata wurin Gwaggo. Masu manyan riguna naira 200 leƙe ɗaya, mai son ɗauka da wayarsa 500, ashe ma ka taho da silifas ɗin. Riba kashi uku za a yi, biyu nawa, ɗaya na Uwargida a madadin abin da ni da kai muka sani. Kai za a saya maka gurasa. In kana da ja ka rubuto amsa, amma da rana, bayan ka wanke fuska. Kuɗin mota kai za ka biya.